Titi da Layin Dogo a Kan Katako: Yadda Za Ku Ƙanƙanta Unguwarku Sau Ɗari

Babu yaron da ya tashi a Mandera, ko Kajiji, ko Danchadi, ko Sifawa da za a zaunar a koya wa ƙera mota. Da zarar an yi girbi an tara kara, sai ka ga an ɓare sille, an yanka totuwa, kafin la'asar an haɗa tirela har da madubin gefe. Wasu da gwangwanin madara suke yi, wasu da waya ko langa-langa, tayoyi kuwa a jikin tsohon silifas ake yanko su. Abin da ba mu cika damuwa da shi ba shi ne titin da motar za ta hau. Shi wannan sai dai a ja ƙafa cikin rairayi a ce ga hanya, iska ta taso ta share.

A wasu ƙasashe kuwa akwai mutane, yara da manya har da masu furfura, da ginin titi da gari ne ma ya fi cin lokacinsu. Sukan sami faffaɗan katako su shimfiɗa ɗan ƙaramin layin dogo a kai, sannan su kewaye shi da tituna da gidaje da gadoji da itatuwa, komai daidai da awonsa, har idan aka ɗauki hoto sai ka rantse garin gaske ne. Wani kamfanin kayan wasa na Jamus mai suna Märklin ne ya fito da jiragen wasa masu layi mai tsayayyen awo a shekarar 1891, abin ya bazu daga nan. A yau mafi girman irin wannan aiki a duniya yana birnin Hambog na Jamus, ana kiransa Miniatur Wunderland. Wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe shi a 2001. Tsawon layin dogon da ke cikinsa ya haura kilomita 15, akwai motocin da ke tafiya da kansu suna tsayawa a danja, akwai filin jirgin sama da jirage ke tashi suna sauka, kuma duk bayan minti 15 sai a rage fitilu dare ya yi a garin, gari ya sake wayewa.

Kuɗin da aka kashe a can ba namu ba ne. Amma lissafin da suka yi amfani da shi, shi ne dai wanda malaminku na lissafi ya rubuta a allo ranar da ya koyar da rabo da ma'auni, kuka kwafa kuna hamma.

Jirgin da bai iso ba

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan ɗan Shagari ko Bodinga da layin dogo, alhali ko a birnin Sakkwato babu tashar jirgin ƙasa? Gaskiya ne. Jirgi ya iso Kano a 1911 ta layin da aka taso da shi daga Baro. Daga baya aka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaurar Namoda a 1929, domin kwasar gyaɗa da auduga da fata. A nan ya tsaya, bai ƙaraso Sakkwato ba har yau. Sabon layin Abuja zuwa Kaduna an buɗe shi a 2016, na Kano zuwa Maraɗi kuma, wanda aka tsara zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, an aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021.

A ganina wannan rashi ne ma ya sa aikin ya fi daɗi a wurinmu. Ɗan Zariya idan zai yi samfur, kwafar abin da ke bayan gidansu zai yi. Kai kuwa dole ka yanke shawara da kanka: idan jirgi ya zo garinmu, ta ina zai bi? Gonar wa zai ratsa? A ina zai tsallaka titi, kuma ta ina makiyayi zai wuce da shanunsa? Tambayoyin da ake biyan injiniyoyi albashi su amsa ke nan.

Mita ɗaya, santimita ɗaya

Masu wannan sha'awa a Turai da Amurka sun fi amfani da ma'aunin da suke kira HO, wato a ƙanƙanta komai sau 87. Su suna da dalili, domin jiragen da suke saye a kanti a kan wannan awon aka ƙera su. Mu da za mu ƙera komai da hannunmu ba mu da dalilin wahalar da kanmu da raba lamba da 87. Ku ɗauki ɗaya bisa ɗari. Duk mita ɗaya a zahiri ya zama santimita ɗaya a kan katako, duk santimita goma ya zama milimita ɗaya. Ko babu kalkuleta kun gama.

Da wannan awo, babban mutum mai tsawon mita 1.7 bai kai santimita biyu ba. Ƙofar ɗaki santimita biyu ce a tsaye, faɗinta milimita tara. Ƙaramar mota santimita huɗu da rabi, kusan tsawon tsinken ashana. Babbar bishiyar dogonyaro kuwa tana iya kai santimita 12 ko fiye, wato ta ninka bangon gida sau huɗu. Yawancin masu farawa a nan suke tuntuɓe: sai su yi mutum ya kai tsawon rufin gida, bishiya kuma kamar kan kabeji. Ido yana da son kai, abin da ya fi damunsa shi yake ƙara wa girma. Ku yarda da rula, ku rabu da ido.

Abu na biyu da lissafin zai nuna muku yana da ɗan ɓata rai. Katako mai tsawon santimita 120 da faɗin 60, irin rarar filawud da za ku iya roƙa a wurin kafinta, fili ne mai mita 120 da mita 60 kacal. Kwatankwacin filin ƙwallo ɗaya ke nan. Kilomita guda na buƙatar katako mai tsawon mita goma, ya fi tsawon ajinku. Saboda haka ku manta da batun gina garin Bodinga gaba ɗaya. Ku zaɓi wuri ɗaya da kuka sani kamar yunwar cikinku: ƙofar makarantarku, ko mararrabar da hanyar ƙauyenku ta haɗu da kwalta, ko bakin tasha.

Sai awo. Idan babu tef mai tsawo, ku auna mita goma a filin makaranta, kowa ya taka ya ƙirga takunsa, daga nan ƙafarku ta zama tef. Ku je ku uku ko huɗu, ɗaya na takawa, ɗaya na rubutawa, ɗaya na zana taswira. Amma ku fara biyawa ta wurin mai unguwa tare da malaminku ku yi bayani. Mutanenmu idan suka ga ana auna ƙofar gida da littafi a hannu, abin da ke fara zuwa musu shi ne rusau ko haraji, kuma ba za ku so ku sha tambayoyi a bakin wata tsohuwa ba. Babban titin da ya fito daga Sakkwato ya ratsa Bodinga da Shagari da Tambuwal ya nufi Jega kuwa, kada wanda ya shiga tsakiyarsa da sunan awo. Manyan motoci ba su san aikin makaranta ba. Awonsa sananne ne: irin waɗannan titunan na tarayya masu hannu biyu ana yi musu faɗin mita 7.3, wato mita 3.65 kowane hannu, ban da kafaɗar gefe. A katakonku santimita 7.3 ke nan.

Shimfiɗa kwalta

Kafin komai, ku manna kwali mai kauri hawa biyu a kan katakon baki ɗaya. Dalili shi ne ba za ku iya haƙa filawud ba, amma kuna iya yanke kwali. Duk abin da ke ƙasa da titi, kamar lambatu da kwalbati da kududdufi, a cikin wannan kwalin za ku sassaƙa shi. Wanda ya manna titinsa kai tsaye a kan katako ya yi gari marar magudanar ruwa tun daga ranar farko, kuma irin waɗannan garuruwan muna da su da yawa, ba sai an ƙara ba.

Ku zana taswirar da fensir a kan kwalin, ku duba ta sau biyu, sannan ku yanko titin daga kwali marar kauri, irin na sukari ko na ganyen shayi. Ga wani abu da ƙila ba ku taɓa lura da shi ba duk da kullum kuna takawa: titi mai kyau ba a shafe yake ba. Tsakiyarsa ta ɗan fi gefensa tudu, domin ruwan sama ya gangare hagu da dama. Gangaren bai wuce kashi biyu da rabi cikin ɗari ba, wato a titi mai faɗin mita 7.3 tsakiya ta ɗara gefe da kimanin santimita tara. A wurinku wannan bai cika milimita ɗaya ba. Ku yanka siririn kwali ku shimfiɗa shi a tsakiya ta ƙarƙashi, ku ɗora titin a kai, ku manne gefunan. Idan kuna son gwadawa, ku ɗora ƙwayar boris na keke a tsakiya ku ga inda za ta nufa. Duk inda kuka ga ruwa na kwanciya a kan kwalta bayan an ɗauke ruwan sama, wannan ɗan tudun ne babu, ko lambatun ya toshe, kuma a wurin rami zai fara fitowa, domin ruwa ne babban abokin gabar kwalta.

Sai launi. In ka tambayi kowa launin kwalta zai ce baƙi. Ku fita ku duba. Sabuwar kwalta ce baƙa, ita ma na 'yan watanni. Rana da ƙurar hunturu suna mayar da ita ruwan toka, gefenta ya yi ja saboda ƙasar da tayoyi ke kwasowa. Wanda ya shafa baƙin fenti mai ƙyalli ya yi allon aji ne, bai yi titi ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a daka gawayi ya yi laushi, a haɗa kashi ɗaya da kashi uku na toka, a tankaɗe. A sirka farin gam na kafintoci da ruwa rabi da rabi, a shafa a kan titin da buroshi ko gashin kaza, a barbaɗa garin ta cikin rariya, a bari ya kwana, a karkaɗe. Wanda ya sami sanfefa mai laushi ruwan toka yana iya yanka ta ya manna, ita ma tana bayar da kamar kwalta sosai.

Bayan ya bushe ne aikin ke yin daɗi. Ku goga ɗan gawayi da yatsa a tsakiyar kowane hannu, inda baƙin mai ke ɗiga. Ku yi faci ɗaya ko biyu da launin da ya fi duhu. Ku ɗan gutsure bakin titin da reza, kamar yadda tayoyin manyan motoci ke cinye shi. Farin layin tsakiya kuma da fensir mai farin launi ko alli mai tsini za a ja shi a jikin rula, siriri ƙwarai, domin faɗinsa na gaskiya bai wuce santimita 10 zuwa 15 ba. Motocinku su bi hannun dama. Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu tun watan Afrilun 1972, amma har yanzu akan ga samfurin da aka jera motoci yadda aka ga dama.

Hanyar ƙasa, wadda ita ce mafi yawa a ƙauyukanmu, ta fi sauƙi kuma ta fi kyau a ido. Ku ɗebo ƙasar wurin da kuke kwaikwayo, ita kanta, domin babu fentin da zai ba ku launinta. Sai dai a tankaɗe ta da rariyar gari mafi laushi. Ku tuna da lissafi: ƙwayar yashi mai milimita ɗaya, a garinku dutse ne mai santimita goma, wanda zai fasa tayar kabu-kabu. Tun gam bai gama bushewa ba, ku ja sawun amalanke da bakin tsinke biyu.

Ina mai tafiya a ƙasa zai bi?

Dakalin masu tafiya a ƙasa ba shi da wuyar yi. Faɗin mita ɗaya da rabi ya isa mutum biyu su gifta juna, tudunsa a kan titi kuma kamar santimita 15. Wato kwali mai faɗin santimita ɗaya da rabi, mai kaurin milimita ɗaya da rabi. A shafa masa toka zalla ya yi kalar siminti, a tsaga layuka da biron da tawadarsa ta ƙare domin su zama mahaɗar siminti ko intalok. Lambatu ya bi bayansa ko ƙarƙashinsa, faɗin milimita shida, a yanke shi cikin kwalin nan na ƙasa. Inda hanya ta tsallaka lambatu, bututun biro ya zama kwalbati.

Wuyar tana wani wuri dabam. Idan kuka zo ɗora dakalin a kan taswirar da kuka auno, mai yiwuwa ku tarar babu inda za ku sa shi. Inda ya kamata ya bi, akwai teburin mai shayi, akwai tulin yashi da bulo na wani mai gini, akwai 'yan kabu-kabu a jere, akwai rumfar mai faci. A wurare da yawa ma ba a taɓa tanadar masa fili ba: daga kwalta sai ƙofar shago. To ɗalibai ɗari da aka tasa daga makaranta lokaci guda, da 'yan mata masu talla, da almajirai, da mai jaki da mai raƙumi, ta ina suke bi? Kun san amsar, a kan kwalta suke bi, kafaɗa da kafaɗa da motocin da suka ɗauko albasa da shanu za su Kudu.

Shawarata ita ce kada ku ɓoye wannan a samfurinku. Ku raba katakon biyu. Rabi ku gina shi yadda wurin yake a yau, da tulin yashinsa da toshasshen lambatunsa. Ɗaya rabin ku gina shi yadda kuke ganin ya dace: dakali, fararen layukan tsallakawa a daidai ƙofar makaranta, tudun rage gudu kafin a iso, da wurin da mai shayi zai koma, domin shi ma abincinsa yake nema, kuma tsarin da ya kore shi bai ba shi wani wuri ba, gobe da safe zai dawo. Takardar koke ana iya ninke ta a sa a aljihu. Katako mai tsawon santimita 120 da aka ajiye a gaban taron iyaye da malamai, ko a gaban kansila, sai an kalle shi, kuma ko wanda bai yi boko ba zai gane ƙofar gidansa a ciki. Kafin a kai ga haka, inda babu dakali ku riƙa bin gefen hagu, kuna fuskantar motar da ke tahowa, kamar yadda jami'an kiyaye haɗurra ke faɗa kullum.

Layin dogon kansa

Najeriya na da layi iri biyu. Tsohon, irin wanda ya je Ƙaurar Namoda, tazarar ƙarafansa milimita 1,067 ce. Sabon, irin na Abuja zuwa Kaduna, milimita 1,435. A katakonku na farko santimita ɗaya da ɗigo ne, na biyu kusan ɗaya da rabi. Tsinken ashana da aka cire wa kai shi ne gungumen da ake shimfiɗa ƙarfe a kai, kuma kaurinsa ya yi daidai ba tare da an fere ba. In tsohon layi kuka zaɓa, kowane tsinke zai ba ku biyu. A jera su duk bayan milimita shida ko bakwai, wato wajen guda 200 a tsawon katakon. Aikin haƙuri ne, ku raba shi tsakaninku. Ƙarfen dogo kuma a yi shi da tagullar cikin tsohuwar wayar wuta, a miƙar da ita sosai. Tsakuwar da ke tsakani yashi ne mai ɗan gauri kaɗan.

Abu biyu jirgi ba ya yi. Ba ya shan kwana kamar Keke Napep, kuma ba ya hawan tudu, domin tayar ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare ta. Hawan mita biyu cikin mita ɗari ma ya yi masa yawa. Don haka layinku ya tafi a miƙe ko da ɗan lanƙwasa kaɗan, a kan ɗan tudun da bai wuce kaurin kwali ɗaya ba. Inda ya tsallaka titi, titin ne zai ɗaga ya same shi, a cike tsakanin ƙarafan da kwali a bar siririn rami ta ciki domin bakin taya, a sa shinge da ɗakin mai gadi. Jirgin kuwa ba sai na koya muku ba. Kwalin ashana da totuwa suna nan.

Sauran kayan gari duk a tsakar gida suke. Gidan ƙasa da rumbu a yi su da yumɓu, a cuɗa shi da ɗan ƙaiƙayi mai laushi kamar yadda magina ke sa ciyawa, in ba haka ba zai tsage. Darni da siraran ɓawon kara. Rufin kwano da takardar gwangwani ta cikin kwalin madara, a ja mata layuka. Bishiya da busasshen reshe mai rassa da guntun soso da aka rina. Turakun wuta da tsinken tsintsiya, biyu ko uku sun isa, don tazararsu a zahiri takan kai mita 40 zuwa 50.

Wanda ya ɗauki wannan wasan yara ne, ya leƙa sashen koyon zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko na kowace kwalejin kimiyya da fasaha, ya ga manyan ɗalibai sun kwana suna yankan kwali, kuma a kansa ake ba su maki. Ku ma kuna iya kai naku kulob ɗin JETS ko ku nuna wa malamin fasaha ya sa shi cikin aikin zango.

Gargaɗi kaɗan. Reza a jikin rular ƙarfe ake jan ta, yatsu na baya, kuma ba a barin ta inda ƙanne ke wasa. Dabarar nan ta narka farin soson kwalin rediyo a cikin fetur don a sami gam, ku bar ta, tururinta na cutarwa kuma wuta ba ta da nisa da ita. Idan babu kuɗin farin gam, ƙaro da aka jiƙa yana aiki. Koko da sitaci suna mannewa, amma gayyatar kyankyasai da ɓeraye ne. In kun gama, kada ku jingina katakon a bangon ƙasa ko ku ajiye shi a daɓe, domin gara na iya cinye unguwa guda a dare biyu. Ku ɗora shi a kan tebur ko ku rataye shi, ku lulluɓe da leda saboda ƙurar hunturu, da damina kuma ku nisanta shi da taga.